NOMA DA KIWO: Harawa Ko Ƙaiƙayi? Zaɓen Abincin Dokin Aiki A Nguru Da Gashuwa

Ga kaka ta shigo, an tuge gyaɗa, an fara roron wake, dammunan harawa kuma sun soma hawa rassan itatuwa da rufin ɗakuna a ƙauyukan ƙasar Nguru da ƙasar Bade. Wannan shi ne lokacin da ya kamata duk mai doki ya zauna ya yi lissafi, gama abin da ya saya ya ajiye cikin waɗannan 'yan makonni shi ne zai nuna ko dokinsa zai kai damina da ƙarfinsa, ko kuwa zai zama abin tausayi a turke cikin watan Afrilu. Saboda haka a wannan mako filin namu zai duba abincin dokin aiki, musamman busasshen abincin nan da akan yayyanka a gauraya da hatsi, da yadda mutum zai rarrabe mai kyau da na banza tun yana kasuwa, kuɗinsa na aljihunsa.

Idan mun ce dokin aiki, muna nufin dokin da dagaci ko bulama yake zagaya ƙasarsa a kai, da na makiyayi, da na ɗan kasuwa mai ratsa rairayi zuwa kasuwannin ƙauye, da wanda ake ba da haya don kilisa ko hawan angwanci, da mai jan amalanke inda ake yin haka. Dawakin fada ma suna shiga cikin lissafi, domin wanda ya ga hawan salla a Nguru ko Gashuwa ko Macina ya san wahalar da doki yake sha a ƙarƙashin kayan ado cikin rana. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya tashi, darajar dabbar sufuri ta ƙaru, amma kuma hatsi da dusa sun yi tsada. A nan ne mai doki yakan shiga jarraba, ya ce bari ya cika cikin dabbarsa da duk abin da ya fi araha.

YADDA ABINCIN YA ZAMA NA SAYE

Dattawan Nguru suna iya tuna lokacin da harawa ba ta da wata daraja a kasuwa. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da kanwa da dabbobi, duk inda aka noma gyaɗa da yawa kuwa harawa takan wadata. Fari na 1972 zuwa 1974 ya karya manoma, sa'an nan a 1975 cutar nan da ake kira kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta cinye amfanin gona a Arewa. Daga nan noman gyaɗa bai sake komawa yadda yake a da ba.

Ta wajen fadama ma an sami canji. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ambaliyar shekara-shekara da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta sauya hali. Ciyawar kacalla ta mamaye hanyoyin ruwa da wuraren da a da ake yankan burgu. Abin da ya rage na makiyaya kuma noman shinkafa da na rani suna ta cinye shi. Ko da yake a shekarar 2000 an sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wannan bai mayar wa mai doki da ciyawarsa ba. Ga shi kuma damina a wannan yanki gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, watau wata takwas doki yana dogara da abin da aka ajiye masa. Bugu da ƙari masu kiwon ragunan layya da shanun turke suna neman harawar nan da yake nema, su kuwa suna da ribar da za su biya kowane farashi.

CIKIN DOKI DABAM YAKE DA NA SANIYA

Kafin a zaɓi abinci sai an san cikin da za a zuba shi. Saniya da tunkiya da raƙumi dabbobi ne masu tuƙa, suna haɗiye abinci cikin babban tumbi, su dawo da shi su sake taunawa a natse. Doki ba ya tuƙa. Tumbinsa ƙarami ne ƙwarai in an gwada da girman jikinsa, bai wuce ya ɗauki lita 8 zuwa 15 ba, kuma ba ya iya amai, duk abin da ya shiga sai dai ya wuce gaba. Wurin da yake narkar da ciyawa yana can ƙarshe, a cikin babban hanji, inda waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke ruɓar da zaren ganye da na kara su mai da shi ƙarfi. Dokin da aka sake a makiyaya yakan yi awa 14 zuwa 16 yana kiwo a kowace rana, kaɗan-kaɗan, ba ya barin cikinsa wayam.

Akwai wani abu kuma. Tumbin doki yana fitar da ruwan tsami dare da rana, ko da abinci ko babu, amma yawun da ke kashe kaifin wannan tsami ba ya zuba sai doki yana tauna. Masana sun auna sun ga doki yakan yi tauna kamar sau 3,000 zuwa 3,500 kafin ya gama kilo ɗaya na busasshiyar ciyawa, alhali kuwa kilo ɗaya na hatsi bai fi tauna 800 zuwa 1,200 ba. Dokin da aka ba hatsi da safe ya cinye cikin minti goma, sa'an nan ya wuni a turke ba abin taunawa, yana cikin haɗarin gyambon ciki. Idan kuma hatsin ya yi yawa a ci ɗaya, ragowar da ƙaramin hanji bai narkar ba takan gangara babban hanji ta yi tsami, ta kashe waɗancan halittu masu amfani. Daga nan ake samun kumburin ciki, da zawo, da ciwon nan na cikin kofato da ke sa doki ya kasa taka ƙasa. Saboda haka harawa da ciyawa su ne tuwon doki, hatsi ƙari ne da ake yi masa gwargwadon aikinsa.

INDA AKE SAMUN RUƊANI

Turawan Ingila sun daɗe da dabarar yayyanka busasshiyar ciyawa da karan alkama su gauraya da hatsi. Wajen shekarar 1900 an ƙiyasta dawakin da ke aiki a birnin Landan sun kai 300,000, masu jan kekunan haya da na kaya, akasarinsu kuma da irin wannan gauraye ake ciyar da su, a cikin jakar da ake rataya musu a baki lokacin hutu. Amfanin dabarar shi ne doki ba ya iya tsince hatsi ya haɗiye da gaggawa, dole ya tauna komai tare. Har yau ana sayar da wannan yankakken abinci cikin buhuna a Turai, wani an zuba masa ruwan rake mai kauri, wani an zuba masa mai.

To, sunan da suke kiran wannan abinci da shi a harshensu shi ne dai sunan da suke kiran ƙaiƙayi. Wanda ya ji an ce Turawa suna ba dawakinsu ƙaiƙayi sai ya zaci abin da ke tashi a masussuka ake nufi. Ba shi ba ne. Nasu ciyawa ce mai kyau da aka sa wa wuƙa. Ƙaiƙayin gero da na dawa kuwa ɓawo ne da ƙura da ƙananan tsinke masu kaifi, abin gina jiki a cikinsa ɗan kaɗan ne. Mu a nan ba mu da bukatar buhun Turai mai tsada, gama abin da za mu yi namu yankakken abincin da shi yana gonakinmu. Abin da ake bukata shi ne sanin darajar kowanne.

DARAJAR ABIN DA KE KASUWA

Na gaba duka ita ce harawar gyaɗa da harawar wake. Idan an tattara su da ganyensu, sinadarin gina jiki da ke cikinsu yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100, ta wake ma takan ɗara haka, suna kuma da sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. Ƙarfin harawa a ganye yake. Damin da ganyensa ya kakkaɓe ya bar jijiya da sanda, ko da an ba ka shi rabin kuɗi, ka yi asara. Ta gyaɗa tana da aibi guda, watau da saiwa ake tuge ta, takan zo da ƙasa. Ta wake kuma irin mai yaɗo, kamar kanannado, ta fi ba da ganye. Kowar wake, watau ɓawon da ke saura bayan an sussuke, ita ma abinci ce mai kyau in an jiƙa ta kaɗan.

Na biyu shi ne ingirici, busasshiyar ciyawa irin su harƙiya da kyasuwa da burgu. Darajarta ta danganta da lokacin da aka yanke ta. Wadda aka sa wa lauje cikin Satumba tun tana kore, kafin ta zubar da 'ya'ya, aka shanya ta a inuwa, ta yi nisa da wadda ta bushe a tsaye aka kwaso ta cikin hunturu. A kula kada ƙarangiya ta yi yawa a ciki, domin takan ji wa doki ciwo a dasashi da harshe.

Na uku karmami ne da karan dawa masu laushi na sama, da karan shinkafa da na alkama da ake samu a wuraren noman rani. Waɗannan abin gina jikinsu bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba. Suna da amfani wajen ba doki abin taunawa da rage kashe kuɗi, amma kada su wuce kashi ɗaya cikin uku na busasshen abincinsa, kuma kada a ba shi su in ruwan sha ba ya wadace shi, domin sukan cushe a hanji.

Na ƙarshe su ne ƙaiƙayi da ɓuntun shinkafa. Tun da injinan casar shinkafa suka yawaita a wannan yanki, ɓuntu ya zama abin da ake samu a banza, waɗansu marasa tsoron Allah kuma sukan niƙa shi su gauraya da dusa don buhu ya cika. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ɓuntu wani sinadari ne irin na yashi, cikin doki ba ya narkar da shi, kaifinsa kuma yana kankare hanji. Wannan a shimfiɗa shi a barga ko a kai shi gona, kada a zuba shi a komi. Ƙaiƙayi kuwa, in talauci ya tilasta, a tankaɗe ƙurarsa, a jiƙa shi, a sa ɗan kaɗan cikin harawa. Araha dai ba ta ado.

Game da kacalla, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ta shiga wani bincike na sarrafa ta ta zama abincin dabbobi da iskar girki. Wannan aiki ne mai kyau, amma dabbobi masu tuƙa aka nufa da shi, kada mai doki ya yi gaggawar gwadawa a kan dabbarsa.

GWAJI BIYAR A BAKIN KASUWA

Da fari a duba da ido. A kwance dami a ga tsakiyarsa, domin mai sayarwa yakan sa mai kyau a waje. Harawa mai kyau tana da sauran kore. Wadda ta yi baƙi-baƙi ko fari-fari kamar an barbaɗa mata toka, ruwa ya taɓa ta, ta yi fumfuna.

Na biyu a shinshina. Mai kyau tana da ƙanshin ganye. In ka ji warin rima ko tsami, ko ka ji ta sa ka atishawa, to haka za ta yi wa huhun doki, shi kuwa da huhunsa yake aiki.

Na uku a cusa hannu cikin damin. In da ɗumi ko danshi a ciki, an ɗaure ta tun ba ta bushe ba, kuma za ta ci gaba da lalacewa a ajiye. A laluba ko akwai leda, ko igiyar roba, ko waya, ko mushen ɓera ko na ƙadangare, gama mushe cikin abinci yana haifar da dafi mai shanye jikin doki.

Na huɗu a gwada da ruwa. A ɗebi tafi biyu na yankakken abincin ko na dusa a zuba cikin bokiti, a motsa, a tsiyaye. Abin da ya kwanta a gindi shi ne yashin da za ka saya da kuɗinka. Wannan gwaji yana da muhimmanci ƙwarai a ƙasar Manga da ta Bade inda rairayi ya yi yawa, domin yashi yakan taru a hanjin doki sannu a hankali har wata rana ya toshe shi. Da wannan gwajin kuma ake gane dusar da aka gauraya da ɓuntu: a murza ta a tafin hannu, in tana da kaushi tana suka, akwai algus.

Na biyar a auna. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, sai dai a sha'anin harawa ido yakan ruɗu, domin dami ba shi da tsayayyen nauyi. Ƙaramin sikeli mai ƙugiya irin na masu sayar da kifi ya isa. Wanda ya san nauyin damin da ya saya shi ne ya san ko ya yi araha ko ya yi tsada.

NAWA ZA A BA SHI?

Ana lissafin abincin doki da nauyin jikinsa. Wanda ba shi da babban sikeli sai ya ari awon tela. A auna kewayen ƙirji daidai inda majayi ke zama, a auna tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. A ninka awon ƙirji da kansa, a ninka da tsawo, a raba da 11,877. Alal misali dokin da ƙirjinsa ya kai 160, tsawonsa 140, nauyinsa ya kama kilo 300 da 'yan kai.

Ƙa'idar da masana suka bayar ita ce doki ya ci busasshen abinci kashi 2 zuwa 2 da rabi cikin 100 na nauyinsa a kowace rana, kuma harawa da ciyawa kada su gaza kashi 1 da rabi. Ga dokin kilo 300, wannan ya kama kilo 6 zuwa 7 da rabi gaba ɗaya, a ciki aƙalla kilo 4 da rabi ya zama harawa da ciyawa. Mai ƙaramin aiki, kamar kilisar awa ɗaya, kilo 5 da rabi na harawa da ingirici da kilo ɗaya na hatsi da dusa sun ishe shi. Mai tafiyar kasuwa kullum a ba shi kilo 5 da hatsi kilo 2. Mai jan kaya ko doguwar tafiya a iya kai hatsinsa kilo 3, amma a raba shi ci uku ko huɗu. Ko yaya aikin ya kai, kada hatsin ci ɗaya ya wuce kilo guda. Tiyar da ake zuba 40 a buhun kilo 100 tana ɗaukar kilo biyu da rabi, watau ko rabin tiya ya yi wa irin wannan doki yawa a zama ɗaya.

Yanzu sai lissafin ajiya. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Yuni kimanin kwana 240 ne. In doki yana cin kilo 5 a rana, ana bukatar kilo 1,200. Wanda ya san wannan adadi tun kaka, ya sayi abin da zai iya yanzu da harawa take da sauƙi, ba zai shiga hannun 'yan kasuwa a bazara ba.

Wajen yankawa, a yi amfani da adda a kan kututture ko injin yanka, a bar tsawon kowane yanki ya kai inci ɗaya zuwa biyu. Kada a kai harawar doki injin niƙa a mai da ita gari kamar yadda masu kiwon raguna suke yi, domin gari ba ya sa tauna, yana shaƙe maƙoshi, ƙurarsa kuma tana shiga hanci. A haɗa harawa kashi ɗaya, ingirici kashi ɗaya, in ana so a ƙara karmami kaɗan, a yayyafa ruwa, a zuba hatsin a cakuɗa. Dawa a ɓarza ta ko a jiƙa ta 'yan awoyi, gama ƙwayarta tana da tauri, takan fita a kashi yadda ta shiga. Abin da aka jiƙa a ba da shi a ranar, zafin wannan yanki ba ya barin jiƙaƙƙen abinci ya kwana. Da dare kuma a sa masa ciyawa doguwa wadda ba a yanka ba, ya kwana yana ja. A zuba komai cikin komi ko rabin duro, kada a zuba a kan yashi.

DUSA DA KANWA DA RUWA

Mutanenmu suna son dusa domin tana sa doki sheƙi. Amma dusar alkama da ta shinkafa da ta masara suna da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Dokin da ya daɗe a kan dusa da kara kawai, jikinsa yakan riƙa zare kalsiyam daga ƙashi, har ƙasusuwan fuska su kumbura, ya riƙa ɗingishi ba dalili. A Turai ana kiran wannan cutar dokin mai niƙa, domin dawakin masu injin niƙa ta fi kamawa. Maganinta yana cikin harawar gyaɗa da ta wake, shi ya sa ba a raba dusa da harawa.

Kanwa tsohuwar al'ada ce, ƙasar Manga ma ta daɗe da suna wajen kanwa da gishiri. Ba laifi a ba doki ɗan kaɗan kamar yadda aka saba, amma kanwa ba ta maye gurbin gishiri, doki kuwa yana zubar da gishiri mai yawa cikin gumi. Cokalin cin abinci ɗaya zuwa biyu a rana ya isa dokin da ke aiki. Ruwa shi ne babba. Doki yana bukatar kamar lita 5 ga kowane kilo 100 na jikinsa in yana hutawa cikin sanyi, a bazara kuwa da zafi ke wuce digiri 40 yakan sha ninki biyu ko uku. Busasshen abinci ba tare da isasshen ruwa ba shi ne kan gaba wajen cushewar hanji. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

ABUBUWAN DA KE KASHE DOKI

Fumfuna ita ce ta farko. A 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil, daga nan ne aka gano dafin aflatoksin mai lalata hanta. Masarar da ta yi fumfuna kuma tana da wani dafi dabam, wanda masana a Afirka ta Kudu suka gano a 1988, mai ruɓar da ƙwaƙwalwar doki. A shekarar ambaliya irin ta 2022, da ruwa ya ci gonaki da gidaje a ƙasar Bade, sai a ninka hattara da hatsi mai araha.

Na biyu gyauron dawa, da dawar da fari ya tsumburar tun tana ƙarama. Manoma sun san tana kashe dabba, dafin da ke cikin ganyenta kuwa ba ya barin doki. Na uku abincin kaji da na shanu na kamfani, domin akan sa wa waɗansunsu magani irin su monensin, wanda ɗan kaɗan ɗinsa yake lalata zuciyar doki. Buhun da ba a rubuta na doki ne ba, kada a kai shi barga.

Na huɗu canjin abinci farat ɗaya. Akwai al'adar ɗura wa doki gero in salla ta matso don ya yi ƙiba ya yi zafi. Halittun cikin hanjinsa suna bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin su saba da sabon abinci, saboda haka duk ƙari a yi shi kaɗan-kaɗan. Haka nan ranar da doki ba zai fita ba a rage masa hatsi da rabi. Masu dawakin kaya a Ingila sun san wata cuta da suka sa wa suna ciwon safiyar Litinin: doki ya huta ranar Lahadi yana cin cikakken hatsi, ran Litinin a ɗaura masa kaya, naman cinyarsa ya sandare, fitsarinsa ya yi baƙi. Bayan cin hatsi kuma a ba shi aƙalla awa ɗaya kafin a ɗaura sirdi.

Kashin doki shi ne jaridar da mai doki zai riƙa karantawa kowace safiya. Mai lafiya yana fitowa dunƙule-dunƙule da laima, ya fashe in ya faɗi. In ya yi ƙanana ya bushe, ruwa ya gaza ko kara ya yi yawa. In ya yi ruwa yana tsami, hatsi ya yi yawa. In ana ganin dogayen zare da ƙwayar hatsi, a sa a duba haƙoransa. Dokin da ya ƙi abinci, yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa, yana birgima, a janye masa abinci nan da nan a nemi likitan dabbobi, kada a tsaya ɗure-ɗure.

KIRA GA HUKUMA

Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, duka a Zariya, tare da cibiyar IITA mai reshe a Kano, sun daɗe suna aiki a kan irin wake da gyaɗa masu ba da ƙwaya da harawa gaba ɗaya. Ya kamata ma'aikatar gona ta Jihar Yobe da ƙananan hukumomin Nguru da Bade da Karasuwa da Macina su ga cewa irin nan ya isa hannun manoma kafin shuka. Ya kamata kuma shugabannin kasuwa su sa a riƙa sayar da harawa da dusa bisa sikeli, su hukunta mai gauraya dusa da ɓuntu. Masarautu, da yake su ne suka fi kowa dawaki, suna iya sa malaman dabbobi su riƙa koyar da yaran barga sau ɗaya a shekara kafin kaka. Masu dawaki na gari ɗaya kuma in suka haɗa kuɗi suka sayi injin yanka guda, suka gina rumfar ajiya mai dakali wadda ruwa da gara ba sa kai wa, kowa zai ga sauƙi.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake ajiye harawa ta kai damina ba ta zubar da ganye ba. Mu kwana nan.